Yadda Na Zama Dakta Ƙuda

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa tambayar matata sunanta, da ranar da na tsaya a gaban rabin mutanen Potiskum na shaida musu cewa na gano abin da ya gagari masanan duniya. (To, ba rabin gari ba ne. Amma duk wanda nake jin nauyinsa a duniya yana wurin, ka ga kuwa ai ya fi rabi.) Yau in ka shiga kara, kasuwar shanu, ranar Laraba ka ce kana neman Dakta Ƙuda, ko sa ka tambaya zai nuna maka ni da ƙaho. Ban taɓa ba kowa ko maganin ciwon kai ba. Ga dai yadda aka yi na samu wannan digiri.

A farkon shekarun casa'in ne, ba a daɗe da yi mana sabuwar jiha ba, ina aji biyar a sakandare. Malaminmu na kimiyya sunansa Malam Bako, mutumin Danchuwa, siririn mutum wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Wata rana ya shigo aji da baƙo, wani malamin jami'a daga Maiduguri, Babarbare, muna ce masa Dakta. Dakta ya buɗe wani akwatin katako ya fito da farin bututu mai ƙafa uku, tsawonsa kamar taɓarya. Madubin hangen nesa ne. Kafin a tashi daga makaranta mun raɗa masa suna Igwa.

Mun zaci za a ce mu riƙa zuwa kallon taurari. Dakta ya ce a'a, tauraron da ya fi kowanne kusa da mu da rana tsaka yake fitowa, kuma mu mutanen Potiskum Allah ya ba mu shi har ya yi mana yawa. Ya fita da mu fili, ya saita Igwa ga rana, ya kara takarda daf da gindinta. Nan take ta yi hayaƙi.

"Wannan takarda ce," in ji shi. "Ido ya fi ta saurin dahuwa. Wanda ya leƙa, ruwansa."

Ga yadda aikin yake. Akwai wani ɗan ƙaramin gilashi, bai fi murfin kwalba girma ba, da ake cusawa a gindin bututun. Shi muke kira idon Igwa. Hasken rana yana fitowa ta cikinsa ya faɗa a kan farar takarda da aka zana wa da'ira. Sai ka ga rana zaune a takarda kamar faifai, fuskarta da ɗigo-ɗigon baƙi kamar ta yi ƙyanda. Waɗannan su ne tabon rana. Kullum da safe za mu daidaita ta cikin da'irar, mu yi maza mu ɗiga kowane tabo da fensir kafin ta zame. Dakta zai zo ya karɓi zanen, ya gwada da na wasu makarantu, ya aika inda ake tara irin wannan ƙidaya daga ko'ina a duniya.

"Ba wasan yara na kawo muku ba," ya ce. "Ranar da gajimare ya rufe Turawa, ku ne idon duniya."

Ya kuma gaya mana cewa tabban ba sa zama wuri ɗaya. Rana juyawa take yi, don haka kullum sai sun ɗan matsa, su taso daga wannan gefe su ɓace a wancan. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni cin tuwo a daren: ɗalibin da ya fi kowa iya aikin, zai ɗauke shi zuwa jami'a lokacin hutu ya yi aiki da babban madubi, kuma zai tsaya masa ya samu gurbin karatu.

To, sai ka san wane ne Baba kafin ka gane abin da wannan magana take nufi gare ni. Baba dillalin shanu ne, kamar ubansa da ya taso daga Kano ya zauna a nan. Tun ina rarrafe an riga an yanke mini sandata. A wurin Baba, sakandare wani wuri ne da ake ajiye yaro har ƙashinsa ya yi ƙwarin riƙe igiya. Ni kuwa na tsani kara. Na tsani warinta, na tsani ihunta, na tsani yadda saniya take kallona kamar ta san ƙarshena.

Da na kai masa labarin Igwa, sai da ya gama sakace haƙori tukuna.

"Wannan ranar da take dafa mu tun zamanin kaka da kakanni, ita ce za ka je Maiduguri ka koyi kallonta?"

"Bincike ne, Baba."

"To, Malam mai bincike. Ni ba a sayar mini da sa a cikin buhu. Idan wannan Dakta ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane, cewa kai wani abu ne, na sake ka. In ba haka ba, kana ajiye alƙalamin jarrabawa, ga sanda ga kara."

Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Na duƙufa. Ni ne farkon zuwa, ni ne na ƙarshen tashi. Zanena ya fi na kowa tsabta. Har na fara tafiya ina ɗan karkata kai sama kamar wanda rana ta ba shi saƙo.

Ana cikin haka, da bazara, mahaifin Malam Bako ya kwanta ciwo a Danchuwa, ya zama dole ya tafi jinya. Kafin ya hau kekensa ya kira ni gefe, ya miƙo mini idon Igwa a naɗe cikin wani ƙyalle mai laushi.

"Igwa tana ofishin Firinsifal, ba mai iya sa ta a aljihu," ya ce. "Wannan kuwa ko ɓera zai iya gudu da shi. Kai na yarda da kai. Kada aikin ya tsaya."

Wayyo, Malam Bako. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma yafe maka wannan yarda.

Ranar Laraba, bayan an tashi, na wuce kara kamar yadda na saba don in riƙe wa Baba igiya, idon Igwa yana aljihuna. Na riga na gano cewa in ka kara shi kusa da abu, sai abin ya kumbura. Akwai aminin Baba, Jauro Buba, Bafulatani ne da ya bar daji ya zauna a gari, mutum mai murya kamar gangar yaƙi. Na same shi yana cire wa wata saniya kaska. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ilmin da ba a nuna ba ai kamar ba a yi shi ba ne.

"Baffa Jauro, kana son ka ga fuskar wannan da take shan jinin dabbarka?"

Ya kara ido, ya yi tsalle da baya har hularsa ta faɗi.

"La ilaha! Kaska ce wannan ko kunkuru? Kai, ku zo ku ga, har da baki gare shi!"

Kafin ka ce kwabo an kewaye mu. Dillalai, 'yan turke, direbobin manyan motoci, mahauta da hannuwansu duk kitse, kowa sai ya riƙa ya duba. Wani ya duba farcensa ya ce ya daina cin tuwo da hannu. Wani ya duba gemun maƙwabcinsa, aka kusa faɗa. Ni kuwa ina tsakiya ina bayani kamar ni na ƙera gilashin. Wani mahauci ya ji daɗi ya ba ni balangu a takarda. Na ajiye idon Igwa a gefen takardar na zauna na yi wa naman nan adalci. Lokacin mangwaro ne, kuma ka san ƙudan kara: irin waɗanda in ɗaya ya sauka a kafaɗarka sai ka ɗan duƙa. Da na gama na ɗauki idon na jefa a aljihu. (Kada ka tambaye ni ina ƙyallen ya shiga. Mai ya yi yawa a balangun.)

Na san kai mai karatu ka riga ka hango inda labarin nan ya dosa. To, ka fi ni. Ni sai da aka tara mini jama'a tukuna.

Washegari na cusa ido a gindin Igwa, rubutun jikinsa yana kallon sama, daidai yadda nake yi kullum, don ni mutum ne mai tsari. Rana ta faɗo a takarda. Ga tabban jiya sun ɗan matsa kamar yadda aka ce. Amma ga wasu sababbi guda uku, manya, gefensu dishi-dishi, sun zauna kamar duwatsun murhu. Na ɗiga su. Kashegari sauran suka matsa, ukun nan suna nan. Aka yi mako, aka shiga na biyu, tsofaffin tabbai suka tafi, wasu suka zo suka wuce su, Murhun Rana (har suna na sa musu) ko gezau.

Na nuna wa sauran 'yan ƙungiyarmu ta zanen rana. Suka ce lallai sun gani, kuma dama tun farko su ma sun yi zargin haka. Da mai hankali ne, da sai ya jira Malam Bako. Ni kuwa na ga in na jira, malami zai raba ladan da ni. Na nufi ofishin Firinsifal kai tsaye.

Firinsifal ɗinmu mutum ne wanda ko allo aka sake wa fenti sai ya gayyaci baƙi. Bai fahimci komai a bayanina ba sai kalma ɗaya, wato "ba a taɓa gani ba". Dama ana sa ran Dakta zai zo karɓar zane ranar wata Litinin. Nan da nan Firinsifal ya mai da zuwan nasa biki. Aka kafa rumfa, aka yi hayar kujeru da lasifika, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, har da wata bishiyar darbejiya da ba ta ji ba ba ta gani ba. Aka gayyato manya daga ofishin ilmi, aka gayyato iyaye. Ita kuwa Igwa aka ɗaura mata jan ƙyalle a wuya kamar ragon suna, aka kulle ta a ofis, wai kada wani abu ya same ta kafin ranar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Baba. Mutumin da ya ce ba ya sayen sa a buhu, sai ga shi yana zagaya kara yana cewa, "Ɗana ya ga abu a jikin rana wanda Turawa da injinansu ba su gani ba." A rayuwata ban taɓa jin ya ce "ɗana" da irin wannan murya ba. Ya sa aka yi wa babbar rigarsa ta Sallah bugu. Ya gayyato abokan cinikinsa kaf, Jauro Buba a gaba.

Malam Bako bai dawo ba sai da safiyar Litinin ɗin, ƙura har gira. Ya ga rumfa, ya ji labari, ya karɓi zanena ya yi ta jujjuya takardun. Na ga goshinsa yana tattarewa.

"Kullum a wuri ɗaya?"

"Ko motsi, Malam!"

"Ina kake ajiye idon?"

"A aljihuna, Malam."

"Cikin ƙyallensa?"

Na girgiza kai. Ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Ya ruga wajen Firinsifal ya roƙi a ba shi mabuɗi ya gwada wani abu na ɗan lokaci. Firinsifal ya ce baƙi sun fara zama, kuma ba ya son hassada a makarantarsa. Daidai nan motar Dakta ta shigo.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Firinsifal ya yi magana har inuwar rumfa ta gaji ta koma gefe. Ya ce daga yau duniya za ta san inda Potiskum take. Aka kira ni. Na fito da farin wando mai kari kamar wuƙa, na zuba Turancin da na kwana uku ina haddacewa, Baba yana gyaɗa kai a kan kowace kalma ko da yake bai san ko ɗaya ba. Aka fito da Igwa, na cusa ido, rubutu yana sama, na daidaita rana a da'ira. Ga Murhun Rana, raɗau. Aka tafa. Wallahi aka tafa. Ka bar ni in ɗan tsaya a nan, don iyakar rabona ke nan.

Dakta bai tafa ba. Ya matso ya duƙa, ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa bututun. Rana ta yi rawa a takarda, tabbanta suka yi rawa tare da ita. Nawa uku suka tsaya ƙyam kamar sojoji. Na ce a raina, ka gani, ko girgiza ba ta motsa su. (Ka ji fa. Har a lokacin.)

Sai ya kama idon Igwa ya murza shi a hankali. Jama'a, ɗigon nan uku da suka yi mako biyu sun ƙi motsi, sai ga su suna zagaye takarda kamar awaki a turke. Ya murza hagu, suka bi hagu. Ya murza dama, suka dawo. Ya zare idon, ya ɗaga shi sama ya duba, ya kai shi hanci.

"Wa ya ci nama?" ya tambaya.

Kafin in buɗe baki, Jauro Buba ya miƙe daga kusa da Baba a cikin rumfa, fuskarsa cike da farin cikin wanda ya gamu da ɗan garinsu a tasha.

"Af! Ai ni na san wannan gilashi! Ita ce muka duba kaska da shi ranar Laraba! Alhaji, ka tuna? Wanda yaro ya ajiye kan balangu!"

Dakta mutumin kirki ne, ya so ya rufa mini asiri. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya faɗa a hankali. Abin da bai lura ba shi ne, Firinsifal ya tura masa abin magana har bakin haɓa don kada duniya ta rasa kalma ɗaya. Sai lasifikar haya ta ɗauka ta watsa har bakin titin Kano:

"Ɗana, kashin ƙuda ne."

Ban san ko ka taɓa jin dillalan shanu suna dariya a tare ba. Ba dariya ba ce, tsawa ce. Wani ya faɗo daga kujera. Manyan ofishin ilmi suka rufe baki da takardar shirin biki, kafaɗunsu suna rawa. 'Yan ƙungiyarmu, waɗanda dama tun farko sun yi zargi, suka sake yin wani zargin, suka sulale bayan rumfa. Na nemi ƙasa ta tsage, amma ƙasar Potiskum da bazara ko gatari ba ya tsaga ta.

Ga abin da har yau yake ci mini rai. Dakta ya ɗaga hannu ya ce a saurara. Ya goge idon da nasa ƙyallen, ya mayar, ɗigon uku suka ɓace. Ya ɗaga zanena ya ce sauran tabban da na ɗiga daidai suke, sun fi na duk makarantun da ya zaga kyau, ukun nan kawai za a cire. Ya ce yaron da ya lura cewa wani abu ya ƙi motsi alhali saura suna motsi, wannan yaro ya iya kallo. Tambaya ɗaya ce ta rage masa: daga sama abin yake, ko daga aljihuna? Ya ce manyan masana ma sun sha yin irin wannan.

Ya faɗa, da bakinsa, a gaban mutane. Sharaɗin Baba ke nan, ba ragi. Sai dai a daidai lokacin wani ya riga ya cire wayar lasifika, wai don a rage abin kunya, dariya kuma ba ta lafa ba. Mu uku muka ji: ni, da Malam Bako, da Igwa. Da na ɗaga kai, sai bayan babbar rigar Sallah na hango tana fita ƙofar makaranta.

A gida Baba bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ma ya yi. Ya gama alwala, ya ajiye buta, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Jibi Laraba. Ka fito da wuri."

Malam Bako ya zo har zaurenmu, ya durƙusa, ya maimaita wa Baba duk abin da Dakta ya ce. Ina bayan ƙofa ina ji.

"Malam, na gode," in ji Baba. "Amma ni abin da aka faɗa a kunne ba na ciniki da shi. Dillali ba shi da gona, ba shi da shago, bakinsa ne jarinsa. Na zaga kara na ce ɗana ya ga abu a rana. Yanzu in na ce wa mutum wannan saniya lafiyayya ce, sai ya ce mini, Alhaji, ka goge gilashin tukuna. Shi ya zubar, shi zai zo ya tsaya kusa da ni har a kwashe."

Firinsifal kuwa ya ce ba za a ƙara kallon rana a makarantarsa ba, ta jawo masa raini. Dakta ya mayar da Igwa akwatinta, ya kai ta wata makaranta. Ƙannenmu da suka zo bayanmu ba wanda ya taɓa ganin tabon rana, sai dai labarin ƙuda, wanda kowace shekara ake ƙara masa gishiri. Na ji wani yana cewa wai har jirgi aka turo daga ƙasar waje. Malam Bako bai taɓa yi mini gori ba. In mun haɗu a kasuwa yakan ce, "Mutumina, ya aiki?" Wannan ya fi mini zafi a kan gorin.

Na gama jarrabawa, na karɓi sandata. Sunan ya riga ni isa kara. Yanzu shekara talatin da wani abu ke nan, kuma ba yabon kai ba, babu dillalin da ya fi ni ido a kasuwar nan. Saniya tana tahowa daga nesa zan gaya maka abin da yake damunta. Daktan nan na Maiduguri ya faɗi gaskiya, na iya kallo. Kowa in ya kira ni Dakta Ƙuda nakan amsa da dariya, har in ƙara masa da abin da ya manta na labarin, don in ba ka riga mutane dariyar kanka ba, su za su yi maka ita da tsada.

Yanzu na fara sa tabarau. Kafin in ce dabbar wani tana da tabo, sai na cire shi na goge da bakin riga, na mayar, na sake dubawa. Darasin ke nan, in kana so: kafin ka ɗora wa rana laifi, laluba aljihunka. Kuma in za a yabe ka, ka tabbata ba a cire wayar lasifika ba.

Wani lokaci da hantsi, in ciniki ya yi sanyi, nakan ji rana a ƙeyata, ina sane da cewa tana can tana juyawa, tabbanta suna tasowa daga wannan gefe suna ɓacewa a wancan. Komai na sama yana tafiya abinsa. Abin da ya ƙi motsi dai har yau yana nan inda aka ajiye shi, kusa da balangu, ƙuda yana sauka a kansa.